Sau Ɗaya Dai, Inna

Ko na so in manta, ba zan taɓa mantawa da ranar da aka saka muryata a lasifika a wani ɗakin taro a Gummi ba, gaban abokan aikina kaf, ina roƙon mahaifiyata ta kira sunana. Har yau in na tuna sai in ji kunnuwana sun ɗau zafi. Amma bari in faro muku daga tushe, don kada ku ce dama can ba ni da hankali (ko da yake a ƙarshe za ku faɗa ɗin).

Ni ɗan fari ne. Duk wanda ya tashi a wajenmu, ƙauyukan nan da ke tsakanin Anka da Bukkuyum, ya san abin da hakan ke nufi. Uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta wasa da shi, ba ta yabonsa gaban mutane. Kunya ce. Innata kuma ta haɗa jini da Fulani ta wajen uwa, don haka tata kunyar ta fi ta kowa a unguwar. Ana yaye ni aka miƙa ni ga Kawu Sani, yayanta da ke koyarwa a Gummi, shi ya riƙe ni ya sa ni boko. In na zo hutu, Inna ba ta ce mani sannu da zuwa. Sai ta dubi bango ta ce wa ƙanwata, "Murja, ba baƙo ruwa." In kuma ta kama dole ta yi magana a kaina, sai ta ce "na Sani". Ƙannena kuwa, Nasiru da Hauwa'u da Murja da Basiru, tun asuba sunayensu ke tashi a gidan. Nawa kaɗai ne ban taɓa ji a bakinta ba.

Na san al'ada ce. Na san ba ƙiyayya ba ce, don furar da ake dama wa "baƙo" ta fi ta kowa nono. Amma sanin bai hana ni so ba. Tun ina yaro nake son in ji yadda sunan nan zai fito daga bakinta, ko za ta ja ƙarshensa yadda take jan na Basiru in ya daɗe wajen ƙwallo. (Sunan kuwa ba zan faɗa muku ba. Tunda Inna ba ta faɗa ba, ku ma ku yi haƙuri.)

Na karanta tattalin arziki a jami'a a Sakkwato, na gama, na yi bautar ƙasa, na dawo ɗakin Kawu ina nazarin rashin aikin yi a jikina. Ana haka sai wata cibiyar bincike ta zo neman matasan da za su shiga gida-gida suna tambayoyi. Abin da suke son sani shi ne wa ke aiki a kowane gida, wane irin aiki, me ke sa yara barin makaranta su koma wajen niƙan dutsen zinari, kuma in wata matsala ta faɗo, wa gidan ke dogara da shi. Da wannan, in ji su, za a ba hukuma shawara kan yadda za ta tsara tallafi da makarantu. Shugabar aikin wata malamar jami'a ce, Dakta Rabi, mace mai sanyin murya wadda in ta dube ka ta saman tabarau sai ka tuna duk laifin da ka yi tun firamare.

A wajen horo ni ne a kujerar gaba, ni ne mai ɗaga hannu. Ko me aka ce sai in ce, "Dakta, ai ni ɗan yankin ne, mutanenmu ba haka suke ba." Har wani dattijo a cikinmu, Malam Garba, tsohon hedimasta da ya yi ritaya, ya riƙa kirana "ɗan yanki". Dakta ta ja mana kunne sosai: kada ka sa wa mutum amsa a baki, kuma kada ka kuskura ka yi hira da ɗan'uwanka. Ta kuma ce kwamfutar hannun da aka raba mana tana naɗar muryar wasu hirarrakin don a duba ingancin aiki, kuma in an gama binciken za a goge duka. Wannan bayanin ma kullum mu muke karanta wa mutane kafin mu fara. Ni dai karanta shi nake kamar haddar da ban san fassararta ba. Ban taɓa kawowa a raina akwai mai zama ya saurara ba.

Gidajen da za a shiga ba mu ke zaɓa ba, kwamfuta ke fitarwa kamar ƙuri'a. Lokacin hanya na biyuwa ba fargaba sosai, muka yi wajen Abare, muka yi wajen Yargalma, sannan wata safiya mota ta karkata ta hanyar garinmu. Ina leƙa sunayen da aka ba wata abokiyar aikina, Luba, sai ga gidanmu, da sunan Inna a matsayin mai riƙe da gida, don tun rasuwar Baba ita ce komai.

Nan take wata dabara ta faɗo mani, irin dabarar da sai mai digiri ke iya yin ta. Akwai wurin da ake jero 'ya'yan mai gida, na nan da na nesa, kuma na'urar ba ta wucewa gaba sai an cika suna. Na ce a raina, abin da al'ada ta hana, yau aikin hukuma zai sa a yi. Na matsa kusa da Luba na ce, "Tsohuwar gidan nan na san ta, tana da wuyar sha'ani, za ta ɓata miki rana. Kawo in ɗauke miki." (Allah Ya yafe mani. Inna ko kaza ba ta kora da ƙarfi.) Luba ta yi ta godiya, har ta ba ni gyaɗarta.

Na shiga gidanmu da sallama, sanye da rigar aiki mai aljihu barkatai, katin shaida na lilo a wuya. Inna na zaune a inuwar rumbu tana tsinkar zogale. Ta amsa sallamar, ta ɗago, ta ga ko wane ne, ta mai da ido kan tire.

"Murja, ba baƙo ruwa."

Na zauna kan turmi da aka kife, na gyara murya, na fara karanta gabatarwa da Hausar rediyo. Farkon abin da aka rubuta shi ne mai tambaya ya faɗi sunansa. Haka na dubi matar da ta haife ni na gaya mata sunana da na mahaifina. Ta ce, "To, madalla." Daga madafi na ji Murja ta ƙware da dariya.

Da farko komai ya tafi daidai. Gona nawa, awaki nawa, wa ke noma, wa ke kiwo. Murja ta kawo fura ta ajiye gabana ta koma. Sai muka iso inda nake jira, na gyara zama kamar wanda zai shiga jarrabawa.

"'Ya'yanki nawa, da na gida da waɗanda ke nesa?"

"Huɗu," in ji Inna.

Mu biyar ne. Na daure, na ce ta jero su. Ta jero su kuwa dalla-dalla. Nasiru ya bar makaranta yana wajen injin niƙan dutse, ita ba ta so, amma bai ji. Hauwa'u na gidan miji tana tuyar ƙuli. Murja na jiran sakamako. Basiru na firamare, in malamin ya zo. Kowane suna ta kira shi cikakke, har da jan ƙarshen nan.

"Babu wani kuma?"

"Akwai wadda Allah Ya karɓi abinai tana jinjira."

"Allah Ya jiƙanta. Babu wani babba, wanda ya yi karatu, yake birni?"

Ta tsinke ganye, ta tsinke wani. "Akwai na Sani."

"Yauwa. Mene ne sunansa?"

"A tambayi Sani."

"Hajiya," na ce (wai ni a dole ma'aikaci), "na'urar ba ta wucewa sai an sa suna."

"To bar ta ta huta."

Mai hankali da nan ya tsaya. Ni na zagayo ta baya. Na ce to wane aiki shi na Sanin yake yi, ko za ta kwatanta.

"Shina yawo gidajen mutane shina tambayarsu abin da ya sani."

Murja ta sake fashewa a madafi. Ni kuwa haƙurina ya ƙare. Ban san lokacin da Hausar rediyo ta gudu ta bar ni ba, ban san lokacin da muryata ta koma ta yaron da ke zuwa hutu da jakar leda ba. Na ji kaina ina cewa, "Inna, sau ɗaya dai. Ba kowa nan. Don Allah sau ɗaya dai ki hwaɗi, in ji." Na maimaita har murya na rawa. Ga ƙato da gemu, ga katin shaida a wuya.

Inna ta ci gaba da tsinkar zogalenta. Can ta ce, a hankali, "Sha hurarka, ƙuda na hwaɗawa."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na rubuta sunana da hannuna, na sunkuyar da kai kan na'ura, na ƙudurta ba zan ƙara ɗagowa ba. Na dinga karanto sauran tambayoyin da sauri kamar mai sanarwar cigiya. Har muka zo kan wadda ke cewa: in wata matsala ta faɗo wa gidan nan, ciwo ko ƙarewar abinci, wa kike fara nema? Na karanta, na jira. Shiru. Na sake karantawa, idona na kan gilashin na'urar. Shiru. Na danna "ba amsa", na wuce. Na gama, na yi godiya a madadin cibiya, na fita ko furar ban shanye ba.

Ƙarshen makon aka tara mu a Gummi don bitar aiki. An ci shinkafa, an sha lemo, ni ina kujerar gaba kamar kullum. Dakta Rabi ta haɗa kwamfutarta da lasifika ta ce akwai wata hira da na'ura ta nuna an daɗe ƙwarai a kan tambaya ɗaya. Ita ma ba ta saurara ba tukuna, za mu ji tare mu koyi darasi. "Ba zan faɗi mai ita ba," in ji ta, "don ba tozarta kowa muke son yi ba." Har na juya ina duban na baya, ina tausaya wa ko wane ne.

Ta danna. Abu na farko da ya fito daga lasifikar shi ne muryata tana faɗin cikakken sunana.

Wallahi na ji kamar an zare mani ƙashin baya. Ɗakin ya ɗauki "hmmm". Dakta ta dube ni ta saman tabarau, ta ce tunda an riga an ji, a ci gaba, ta tura zuwa inda matsalar take. Sai ga "A tambayi Sani." Aka fara murmushi. Sai ga "To bar ta ta huta." Ɗaki ya ɗauki dariya, har da masu buga tebur. Da aka zo kan "shina tambayarsu abin da ya sani", wani daga baya ya ce a ba tsohuwar nan aikin Dakta. Luba na ta zungurar ta kusa da ita tana cewa ai dama an gaya mata matar na da wuyar sha'ani. Ni kaɗai na san abin da ke tafe. Na so in miƙe in ce a kashe, amma kafin in ankara an iso wurin.

"Inna, sau ɗaya dai. Ba kowa nan."

Ba kowa nan! Ga mutum cike da ɗaki, ga lasifika irin ta wa'azi. Dariyar ta tsaya cak. Muryata ta ci gaba da rawa a saman kawunanmu, tana roƙo, tana shan hanci. Dakta ta kai hannu za ta kashe, kwamfutar ta zaɓi wannan lokacin ta sandare. Sai Malam Garba ya miƙe daga kujerarsa, ya tako a hankali, ya zare wayar lasifikar daga bango. Ya ce, "Dakta, uwatai ta. Ɗan hwari na." Ya koma ya zauna.

Ban san wanda ya fi muni ba, dariyar ko shirun da ya biyo baya. Na ƙura wa kwalbar lemona ido ina karanta rubutun jikinta kamar za a tambaye ni. Luba ce ta fasa shirun. Ta ce, ba da ƙarfi ba amma kowa ya ji, "Kuma har da cinye mani gyaɗa." Shi ke nan, ɗaki ya sake rushewa, har Dakta sai da ta cire tabarau ta share ido.

Daga ranar sunana ya ɓace a tawagar. Wajen cin abinci, "Ɗan yanki, miƙo yaji, sau ɗaya dai." In direba ya ƙi tsayawa a sayi rake, mota gaba ɗaya sai ta ɗauka, "Sau ɗaya dai, ba kowa nan." Har yau akwai waɗanda in mun haɗu a biki da haka suke gaishe ni, gaban matata.

Dakta ta kira ni gefe bayan taron. Na shirya jin kora. Ta ce na karya doka, an soke hirar, Luba za ta koma ta sake, kuma in na ƙara, gida zan tafi. Sannan ta ce, "Iyaye mata nawa ne suka ce mana huɗu alhali biyar ne?" Ita abin da ya dame ta ke nan. 'Ya'yan fari su ne aka fi bayarwa riƙo, su ne sau da yawa suka yi karatu ko suka tafi birni nema, su ne masu aiko wa gida. In uwa ta tsallake su, binciken zai nuna gidan ba shi da kowa a waje. Ita kanta ta san al'adar, a gidansu ma ana yi, amma ba ta taɓa haɗa ta da tambayoyinta ba. Aka gyara tsarin, aka ce a riƙa tabbatar da yawan 'ya'ya daga bakin wani a gidan. Tun daga nan duk horon da za ta bayar sai ta kawo "misalin wani ma'aikacinmu". Ni ne gudummawar da garinmu ya bayar ga ilimin tattalin arziki.

Da Inna kuwa ba mu taɓa tayar da maganar ba. Na ci gaba da zuwa, aka ci gaba da ba baƙo ruwa. Na samu aiki na dindindin a Gusau, na yi aure, hanya ta lalace, zuwa gida ya koma sai an yi shiri da addu'a. Kullum ina cewa in an samu sauƙi zan je in kwana biyu, in zauna kusa da ita ba na'ura, ba tambaya. Ban samu yi ba. Ciwo kaɗan ta yi Allah Ya karɓi abinsa, ina kan hanya.

Wajen zaman makoki, da mutane suka ragu, ni da Murja muna zaune a inuwar rumbun nan, sai ta ce, "Yaya, ka tuna ranar da kaz zo da na'ura?" Na ce wa zai manta. Ta yi 'yar dariya, ido jawur. Ta ce tana leƙe daga madafi lokacin da na tambayi Inna wa take fara nema in matsala ta faɗo. "Ta ɗago kai ta dube ka, ta nuna ka da baki. Da ka sake tambaya ta sake nunawa. Ni ban taɓa ganin ta dube ka haka ba. Kai kuwa kana ta latse-latse."

Na ce, "Me ya sa ba ki gaya mani ba?"

Ta ce, "Na ɗauka ka gani."

Ban gani ba. Na danna "ba amsa".

Bayan kwana arba'in na kira Dakta Rabi. Na daɗe ina kewaye-kewaye kafin na tambaye ta ko hirar nan na nan a wani wuri. Ba sunana nake nema ba, na san bai fito daga bakinta ba. So nake in sake jin "sha hurarka", in kuma saurari shirun nan da kunnen wanda ya san abin da ke cikinsa. Ta yi mani ta'aziyya, ta ce an goge duka tun da aka rufe aikin, kamar yadda aka yi wa mutane alkawari. "Kai ka karanta mata alkawarin," in ji ta. Haka ne kuwa, ni na karanta, da Hausar rediyo.

Ina kewar Inna. Ina kewar bangon da take kallo in na shigo. Akwai ranar da na dawo daga aiki matata ta miƙo mani ruwa tana kiran sunana, na ji dama a ce wani ya ce a ba baƙo.

Da Allah Ya ba mu 'ya mace na sa mata sunan Inna, muna kiranta Ummi. Kwanakin baya wata yarinya ta yi sallama a ƙofar gidana, da riga mai aljihu da kati a wuya, wai suna ƙidayar yaran da suka isa shiga makaranta. Na ba ta kujera, na amsa mata komai tsaf, irin amsar tsohon ma'aikaci. Ta ce sunan yarinyar. Na ce Ummi. Ta ce a'a, na yanka take so. Na buɗe baki, sunan ya zo har kan harshena ya tsaya. Ni in kira sunan Inna, gatsal, a bakin ƙofa? Na ce ta jira uwar ta dawo daga kasuwa.

"Baba," in ji ta, idonta na kan gilashi, "na'urar ba ta wucewa sai an sa suna."

Na ce, "To bar ta ta huta."

Ba ta ɗago ba, tana ta latse-latse. Na so in gaya mata abin da na koya da tsada, amma na san ba za ta ji ba, ni ma da ban ji ba. Ku dai da kuka kai ƙarshen wannan tonon asirin, ga shi kyauta: in kun yi wa mutum tambaya, ku ɗaga kai ku dube shi kafin ku rubuta cewa bai amsa ba. In kuma za ku yi kuka gaban mahaifiyarku, ku fara kashe na'ura.